TAƊIN ZANGO: Jirgin Lilo Da Masu Son Hawansa

  

Abin da ya jawo taɗinmu na wannan wata shi ne wasiƙar da na samu daga wata Hajiya da ke zaune a Nima, can Ankara. Ta ce 'yarta da ke aure a birnin Hambug na ƙasar Jamus ta turo mata hoto mai motsi ta waya, ta buɗe da murna za ta ga jikoki, sai ga su a ɗaure cikin wani abu mai kama da ƙaramin jirgin ƙasa, ya hau sama ya sulalo, ya juya su kai a ƙasa ƙafafu a sama, suna ta kururuwa. Tun daga ranar, in ji ta, barcinta bai cika ba. Ga shi kuma bana an aiko mata da takardar gayyata, yaran har sun yi mata alkawarin za su kai ta ita ma ta hau. Tambayarta ita ce, "Malam, wannan abu ba jefa kai cikin halaka ba ne? In hana su ko in zuba musu ido?"

To Hajiya, kin kawo kuka gidan mutuwa, domin ni ma an taɓa ɗaure ni a cikinsa. Turawan Ingila da Amurka suna kiran abin rola-kosta, amma mu a wannan fili bari mu ce masa jirgin lilo. Tunda yanzu da wuya ka sami gida a zangunanmu da ba shi da ɗa ko 'ya a Turai ko Amurka ko Dubai, na ga ya dace in ba da amsar a bainar jama'a, kowa ya ƙaru.

RANAR DA NA HAU

Shekarar da na je ganin ɗana a unguwar Buronkis ta birnin Niyok, inda mutanenmu na zango suke da yawa, wata Asabar aka ce za a kai yara wasa. Muka yi tafiyar awa biyu a mota zuwa wani babban filin wasa a bayan gari. Ni dai na shirya tsaf da babbar rigata da hulata, a zatona zama zan yi a inuwa ina tsaron jakunkuna. Sai babban jikana ya riƙe mini hannu ya ce, "Kaka, ko tsoro kake ji?" Yaro ɗan shekara 11 ya faɗa mini haka a gaban surukata. Na ce mu je.

Mun fi minti 40 a layi. A gabanmu akwai wani dattijon Bature, kansa fari fat, yana riƙe da ɗan littafi. Da ya ga yadda nake kallon ƙarfen nan ina haɗiyar yawu, sai ya ja ni da hira, ɗana yana yi mana tafinta inda Turancina ya gaza. Ashe shi ba shi da wani abin sha'awa a duniya da ya wuce hawan jirgin lilo, kuma duk wanda ya hau sai ya rubuta sunansa da ranar a littafin nan. Ya ba ni shawara uku: in jingina ƙeyata da kujera, in bar idona a buɗe ina kallon inda hanya ta nufa, in kuma cire hula. Na bi biyu, na ƙi ta uku, don a ganina dattijo ba ya zama kai ba hula a cikin mutane.

Aka danna mana ƙarfe a cinya, jirgi ya kama hawa sannu a hankali yana ƙas-ƙas-ƙas, motocin da ke ƙasa suka koma kamar kwalin ashana. Da muka kai ƙololuwa sai ya ɗan yi jim, sa'annan ƙasa ta ɓace. Duk addu'ar da na sani na karanta, wata ma na haɗa farkonta da ƙarshen wata. Hula kuwa tun a gangaren farko muka rabu, hular da na yi shekara 8 ina adana ta don Juma'a. Kafin minti 3 an gama. Na sauko ƙafafuna suna rawa, amma maganar gaskiya, dariya nake yi kamar yaro. Baturen nan ya zauna tare da mu wajen cin abinci, kuma yawancin abin da zan faɗa a ƙasa daga bakinsa na fara jinsa, daga baya na bi diddigi na tabbatar.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

'Yan'uwanmu na Lome da Abijan da suka yi makarantar Faransanci sun san shi da sunan da ke nufin duwatsun Rasha. Dalili kuwa shi ne tun ƙarni na 17 mutanen Rasha suke gina tudu da katako lokacin sanyi, su lulluɓe shi da ƙanƙara, su riƙa sulalowa daga samansa. A 1817 aka yi irinsa mai ƙafafu a birnin Faris. Abin dariya, su mutanen Rasha a yau duwatsun Amurka suke ce masa.

Suna da hujja, domin a Amurka abin ya girma. A jihar Fensilbeniya akwai wata hanyar jirgi da aka shimfiɗa a 1827 don gangaro da gawayin kwal daga kan dutse, daga baya mutane suka riƙa biyan kuɗi a gangaro da su don nishaɗi. A 1884 wani mai suna LaMarcus Thompson ya gina na wasa zalla a Coney Island, bakin teku a Niyok, ana biyan senti 5, gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, wato mai keke ma sai ya wuce shi. A wannan wuri ne aka buɗe Cyclone a 1927, na katako mai tsawon mita 26, wanda har yau yana aiki. A 1959 kuma filin Disneyland ya kawo mai hanyar bututun ƙarfe, wadda ake iya lanƙwasa ta yadda aka ga dama, daga nan aka sami damar yin irin wanda ya juya jikokin Hajiya.

YADDA YAKE AIKI

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne jirgin nan ba shi da inji a jikinsa, ba shi kuma da direba. Sarƙa ce take jan shi zuwa saman tudun farko, ta sake shi, daga nan nauyinsa ne ke tafiyar da shi har ƙarshe. Shi ya sa a irin wannan jirgi tudun farko ya fi sauran tsawo. Wannan ƙas-ƙas da ake ji wajen hawa kuwa wani ƙarfe ne a ƙarƙashin jirgin yake faɗawa cikin haƙora ɗaya bayan ɗaya, don ko sarƙa ta tsinke kada jirgin ya koma da baya. Akwai kuma sababbi da ba sa hawa a hankali, maganaɗisu ko wani inji da ke ƙasa ne ke harba su daga tsaye.

Me ya hana shi ficewa daga hanya? Ƙafafunsa iri uku ne: wasu a saman ƙarfe, wasu a gefe, wasu a ƙarƙashi, wato ya damƙe hanyar kamar yadda hannu ke damƙe sanda. Wani Ba'amurke mai suna John Miller ne ya yi rajistar dabarar ƙafar ƙasa a 1919. Shi kuma zoben da jirgi ke juyawa a ciki, in kun lura ba da'ira ba ce sosai, ya fi kama da ƙwai a tsaye. An gwada cikakkiyar da'ira a Coney Island a 1895, mutane suka riƙa sauka da ciwon wuya, sai a 1976 injiniyoyin Jamus, Anton Schwarzkopf da Werner Stengel, suka fito da siffar da ake bi yanzu.

Na san mutumin Gana ba zai bari a wuce ba sai ya tambaya: in wuta ta ɗauke fa? Ni ma ita na fara tambaya. Amsa ita ce jirgin da ya riga ya gangara ba ruwansa da wuta, birkinsa kuma an yi shi ne yadda in wuta ta ɗauke kamawa yake yi, wasu birkin ma na maganaɗisu ne da ba sa buƙatar lantarki ko kaɗan. Wanda yake kan hawa kuwa sai ya tsaya cik, ma'aikata su zo su sauko da mutane ta matakala. Har ila yau an raba hanyar kashi-kashi, kwamfuta ba ta yarda jirgi ya shiga wani kashi sai na gabansa ya fita. Saboda haka in kuka ga jirgi ya tsaya a sama, sau da yawa na'urar tsaron ce take aikinta.

Wannan ba ya nufin ba a samun haɗari. A 2015, a filin Alton Towers na Ingila, wani jirgi da ba kowa a ciki ya maƙale a hanyar The Smiler, kwamfuta ta tsayar da na bayansa kamar yadda aka tsara, amma ma'aikata suka ɗauka kuskure ta yi, suka sake shi da hannu. Ya je ya yi karo, mutum 16 suka ji rauni, 'yan mata biyu kowacce ta rasa ƙafa guda, kotu kuma ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5 a 2016. Haɗari irin wannan ba kasafai yake faruwa ba in aka dubi miliyoyin da ke hawa kowace shekara, kuma in ya faru, galibi za ka tarar wani ne ya karya doka, ko ma'aikaci ko mai hawa.

MASU SON HAWA DA GARDAMARSU

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kamar yadda muke da waɗanda ba sa cin abinci ranar da Kotoko ta sha kashi, haka su ma suke da mutanen da suka ba jirgin lilo zuciyarsu. A Amurka suna da ƙungiya tun 1978, American Coaster Enthusiasts, akwai kuma irinta a Turai. Kowannensu yana ƙirga yawan jiragen da ya hau, wani ɗari, wani ya haura dubu, har za ka ga ƙaton mutum ya matse kansa cikin na ƙananan yara don kawai lissafinsa ya ƙaru da ɗaya. Wata jarida mai suna Amusement Today kuma tun 1998 take ba da lambar yabo kowace shekara ga waɗanda suka fi.

Babbar gardamarsu ita ce tsakanin katako da ƙarfe. 'Yan katako suna cewa nasu yana da rai: yana ƙara, yana girgiza, kuma gudunsa da safe daban ne da na yamma bayan ya yi zafi. Suna kafa hujja da The Beast na jihar Ohayo, wanda aka buɗe a 1979, hanyarsa ta fi kilomita 2 a cikin kurmi, suna cewa wanda bai hau shi da dare ba bai hau shi ba. 'Yan ƙarfe kuma suna cewa su ba su biya kuɗi don a jijjiga musu ƙashi kamar a tsohuwar motar katako ba, nasu sumul yake tafiya, ya fi tsawo, ya fi gudu.

A wajen tsawo da gudu, kamfanoni sun daɗe suna tsere. A 1989 filin Cedar Point ya buɗe Magnum XL-200 mai mita 62, a 2000 ya ƙara da Millennium Force mai mita 94. A 2005 aka buɗe Kingda Ka a jihar Niyu Jasi mai mita 139, ya daɗe yana riƙe da kambin tsawo, aka rufe shi a 2024, aka rushe shi a 2025. A Abu Dabi akwai Formula Rossa tun 2010, wanda ke kai kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa 5, har sai an ba mai hawa tabarau saboda rairayi da ƙwari. A ƙarshen 2025 kuma aka buɗe Falcons Flight a Ƙiddiya, kusa da Riyad a ƙasar Saudiyya, hanyarsa ta fi kilomita 4, yana gangarowa daga kan dutse da gudun kilomita 250 a awa. Da a ce miƙewa zai yi da wannan gudu daga Kumasi, awa ɗaya ya shiga Ankara.

Amma abin da ya burge ni shi ne tsofaffin hannu a cikinsu ba su cika damuwa da kambi ba. Abin da suke nema shi ne wannan lokaci da jirgi ya haye tudu da gudu, mutum ya ji ya tashi daga kujera, cikinsa ya yi sama. Shi ya sa wani na katako mai suna Phoenix, wanda tsawonsa mita 24 ne kacal, an gina shi a Tekzas a 1947 aka kwance shi aka sake kafa shi a filin Knoebels na Fensilbeniya a 1985, ya sha cinye lambar yabo a gaban ƙattai. Suna kuma girmama tsofaffi, kamar na filin Tivoli a Kofanhegan, wanda tun 1914 yake aiki, kuma har yanzu ma'aikaci ne ke zama a tsakiyar jirgin yana jan birki da hannu.

Gardama ta biyu ita ce kujera. Na gaba yana ganin komai, iska tana dukan fuskarsa. Na baya kuwa shi ake fizga a kan tudu, domin kafin ya iso ƙololuwa gaban jirgin ya riga ya gangara yana jan shi. Sun dai yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: sabon hawa da mai shekaru su zauna a tsakiya, nan ne girgiza ta fi sauƙi.

SHAWARWARI GA MAI NIYYAR ZUWA

Na farko, a yi sammako. Masu abin suna isa kafin a buɗe ƙofa, in an buɗe kuma ba sa tsayawa a jirgin farko da suka gani, sai su wuce can ƙarshen fili inda ba kowa, su dawo baya-baya. A awar farko mutum zai iya hawa abin da zai ci masa awa uku da rana. Ranakun aiki sun fi Asabar da Lahadi sauƙi, lokacin makaranta ya fi lokacin hutu. Tikiti kuma a saya ta intanet tun daga gida, domin galibi ya fi araha bisa na bakin ƙofa. Dattijon da ba zai hau komai ba a tambaya masa ko akwai rangwamen tsofaffi. Wasu filayen ma, kamar Knoebels ɗin nan da kuma bikin Dom da ake yi sau uku a shekara a Hambug, shiga kyauta ne, abin da ka hau kawai za ka biya.

Na biyu, a auna yara tun a gida. Kowane jirgi yana da iyakar tsawo, da yawa daga santimita 120 zuwa 140. A ranar da nake ba ku labari, ƙaramar jikata ta gaza da yatsa biyu, ta yi ta kuka, ubanta har ya fara shawarar a cusa mata takarda a takalmi. Baturen nan ya ce kul, domin ƙarfen da ke riƙe mutum an auna shi ne da girman jiki, yaron da bai kai ba yana iya zamewa ta ƙasa. Na dubi ɗana na ce ka ji ko? Kukan awa ɗaya ya fi na har abada. Haka kuma masu teɓa irina, akwai kujerar gwaji a bakin layin manyan jirage da yawa, a gwada a can kafin a sha layi a zo a ji kunya.

Na uku, lafiyar jiki. Allon da ke bakin kowane jirgi yana hana mai ciwon zuciya, da mai hawan jini, da mai ciwon baya ko wuya, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan. Dalili kuwa shi ne a ƙasan gangare jiki yana yin nauyi ninki uku ko huɗu na ɗan lokaci, jini ya yi ƙasa, har wani ya ga duhu-duhu. Mu kuwa mun san yadda hawan jini ya yi yawa a cikinmu, wasu ma ba su taɓa aunawa ba. Ba wanda zai tambaye ka takardar likita, kai ne alƙalin kanka. Kada a hau da cikakken ciki, kada kuma a hau da yunwa ko ƙishirwa, saboda haka watan azumi ba lokacin wannan wasa ba ne.

Na huɗu, sutura, kuma nan ne abin ya fi shafarmu. Babbar riga da hula da rawani da dogon mayafi da carbi a hannu, duk ba su dace da jirgin lilo ba. Maza su sa 'yar shara ko riga da wando, takalmi mai rufi ba silifa ba. Mata kuma su sa hijabi ƙarami wanda ya kama kai, a cusa bakinsa cikin riga, ba mai allura ba, sa'annan a tambayi dokar wurin tun kafin a biya kuɗi. A ranar ƙaramar Salla ta 2011, Musulmi da yawa sun je filin Playland a jihar Niyok, aka hana mata masu ɗankwali hawa wasu jirage saboda dokar wurin ta hana komai a ka, gardama ta zama rikici, 'yan sanda suka kama mutum 15. Da an yi tambayar kuma an isar da amsar ga kowa tun a gida, da ranar Salla ba ta ɓaci ba.

Na biyar, waya da kuɗi da makulli a bar su a akwatin ajiya ko a hannun wanda ba zai hau ba. Wayar da ta kuɓuce a wannan gudu jifa ce ga na baya. In kuma abu ya faɗi, a gaya wa ma'aikata, kada a tsallake shinge. A 2015 a Cedar Point wani mutum ya haura shinge don ɗauko wayarsa da ta faɗi, jirgi ya buge shi, nan take ya rasu. Ni hulata na bar musu ita sadaka.

Na shida, iyali mai jariri su tambayi tsarin musaya: uba ya hau uwa tana riƙe da jariri, in ya sauko ita ta hau ba tare da ta sake bin layi ba. A ɗauki hoton yara da safe da kayan da ke jikinsu, a sa musu lambar waya a aljihu, a kuma nuna musu wuri guda da za a haɗu in an rabu. Abincin ciki yana da tsada kuma ba ko'ina ake samun na halal ba, wurare da yawa kuma ba sa bari a shiga da na gida, saboda haka masu dabara sukan bar kula a mota, su fito a buga musu hatimi a hannu, su ci su yi salla su koma. A ƙasashen Larabawa kam akwai wurin salla a ciki.

Na ƙarshe, in ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka faɗa. In ƙarfen cinyarka bai kama ba, ɗaga hannu ka yi magana kafin jirgi ya tashi, ba a jin kunya a nan. A 2023 wani uba da ya kai yaransa filin Carowinds a Amurka ya hango tsagewa a jikin ginshiƙin Fury 325, jirgi mai tsawon mita 99, ya ɗauki hoto ya kai ƙara, aka rufe shi fiye da wata guda aka canja ginshiƙin.

NA GIDA FA?

Kafin in rufe, akwai abin da ya fi tsaya mini a rai. Muna jin tsoron na Turai da muka gani a waya, alhali kuwa a Jamus masu binciken injina na TÜV suna duba waɗannan jirage, manyan filaye kuma kullum safe sai an gwada jirgi ba kowa kafin a ɗauki mutum. Amma lilon da ake kafawa a filayenmu lokacin Salla da Kirsimeti, wanda aka sauke daga mota jiya aka ɗaura yau, muna miƙa wa yara kuɗi su tafi su kaɗai. Iyaye, a raka su. A tsaya a kalli abin ya yi zagaye biyu ko uku tukuna. A duba ko akwai tsatsa a mahaɗar ƙarfe, ko ƙafafunsa a kan duwatsu aka tokare su, ko wayar wuta tana kwance a ƙasa tsirara, ko bel ɗin igiya ce aka ƙulla, ko mai kula da shi yana kallon yara ne ko yana kallon wayarsa. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a saya wa yaro alewa a koma gida. Rigakafi ya fi magani.

To Hajiya, ga amsarki. Kada ki hana jikokinki, matuƙar sun kai tsawo, suna da lafiya, kuma iyayensu suna tare da su a fili mai rajista. Kururuwar da kika ji ta daɗi ce. Ke kuma, tunda a ƙarshen wasiƙarki kin ambaci kina shan maganin hawan jini, ki je ki sha kallo, ki riƙe musu jaka, ki ɗauke su hoto, in sun matsa ki hau babban lilon nan mai kama da ƙafar keke da ke juyawa a hankali, ki ga gari daga sama. In wani jika ya ce tsoro kike ji, ki ce masa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ni da na biye wa nawa, ga shi har yau ina bin sa bashin hula.

Mai tambaya ko gyara ya aiko ta ofishin wannan jarida kamar yadda aka saba. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, a gida da kuma a tafiya. Wassalam.